Ɗana yana da kai, amma ba shi da aboki ko ɗaya

Assalamu alaikum Tanti,

Ni uwa ce a nan Damagaram. Ɗana na fari shekararsa 9. Tun yana ɗan shekara 4 ya fara haɗa baƙi da kansa, daga kwalin magani da rubutun bayan motoci. Da ya shiga lakwal sai abin ya zame mana fitina. Kafin mushe, wato malamin aji, ya gama rubutu a tablo shi ya gama aikin, sai ya kama surutu. Ran da ya gyara wa mushe lissafi a gaban aji ya sha bulala, yara kuma suka sa masa suna "ƙaramin mushe", ba mai wasa da shi. Yana CE1, aji uku na firamare, muka cire shi. Yau shekara ɗaya da rabi ina koyar da shi a gida, tunda ina da bak, takardar gama sakandare, wani malami kuma yana zuwa kullum bayan la'asar don lissafi. Wajen karatu sai hamdala, littafin ƴan siziyam, ajin farko na kolej, yake yi yanzu.

Amma Tanti, yaron ba ya leƙa ƙofar gida. Daga littafi sai salulata. Hirarsa duk da manya. In ƴaƴan ƴan'uwa suka zo, ko dai ya kafa musu dokokin wasa har su gaji su watse, ko a cinye shi ya fashe da kuka kamar ɗan yaye. An yi suna a danginmu, ya wuni a lungu da littafi. Surukata ta ce na mayar mata da jika ɗan ɗaki. Mahaifinsa, wanda fatauci ke yawan kai shi Kano, ya ce a mayar da shi lakwal kawai. Ni kuma tsoron titi nake, da ƴan pale, gungun samarin nan masu tada fitina, da bakin mutane. Shekaranjiya da dare ya ce mini, "Mama, ni ba ni da aboki." Ban runtsa ba. Yaya zan tsara masa wuninsa? Ko kuwa tun farko na yi kuskure?

Wata uwa, Damagaram

Wa'alaikumus salam ƙanwata,

Maganar da ta hana ki barci ita ce ta kwantar mini da hankali a wasiƙarki. Yaron da ya buɗe baki ya ce ba shi da aboki, abokin yake so. Ya ji zafin rashin, ya kuma kai kukansa inda ya dace. Wanda ke ba ni tsoro shi ne yaron da ya daina nema, ya ja ƙofa ya ce mutane ba su dame shi ba. Naki bai kai can ba.

Batun kuskure kuwa, ban ga laifinki ba da kika ɗauke shi daga inda ake dukansa don ya faɗi daidai. Na yi shekara talatin da ɗoriya da alli a hannuna, na san aji mai yara saba'in ko tamanin. Malami ɗaya ne, dole ya yi tafiyar da mafi yawa za su iya bi, wanda ya yi gaba da wanda aka bari a baya duk su ji a jikinsu. Sai dai lakwal ba tablo kaɗai ba ce. Akwai hanyar zuwa da ta dawowa, da layin mai ƙosai lokacin shan iska, da faɗa a kan bik, da shiryawa bayan faɗan. Ran da kika cire shi kin maye masa gurbin tablo, har kin fi. Sauran ne aka bari ba magaji, shekara ɗaya da rabi.

Wani Bafaranshe masanin halayyar yara, Jean-Charles Terrassier, wanda ya daɗe yana aiki da irin ɗanki a birnin Nice, ya lura cewa yaran nan ba gaba ɗaya suke girma ba. Kai ya yi gaba, zuciya da hannu suna nan a shekarunsu. A lissafi ɗanki ɗan shekara 12 ne. Ran da aka cinye shi a wasa ɗan shekara 9 ne, wataƙila ma bai kai ba, tunda bai samu inda zai saba ba. Kukan nan ba sangarta ba ce. Mu manya mu ke ruɗuwa: mun ji yaro yana zance kamar dattijo, sai mu sa ran zai haɗiye fushi kamar dattijo. Dokokin da yake kafa wa ƴaƴan dangi ma daga nan suka fito. Shi wasa mai sharuɗɗa da matakai yake gani a kansa, su kuwa gudu da ihu suka zo yi. Tun a shekarun 1920 da 1930 wata Ba'amurkiya, Leta Hollingworth, da ta bibiyi yara masu kaifin basira a New York, ta ga wannan halin: sukan tsara wasa ya yi sarƙaƙiya, tsaransu su gundura su tafi, su kuma su koma wasa su kaɗai.

Ki lura, kaɗaicin ba a gidanki ya fara ba. A tsakiyar aji cike da yara ya fara. Shi ya sa ban yarda a mayar da shi ajin da ya baro a ce magana ta ƙare ba. Taro daban, aboki daban. Amma surukarki tana da gaskiya, ko da ta faɗe ta da zafi.

Ki zauna ki ƙirga mutanen da yake gani daga asuba zuwa lisha. Ke, malaminsa, mahaifinsa in yana gari. Dukanku manya ne, dukanku kuna sonsa, dukanku kuna mamakinsa. In ya yi magana a saurara, in ya yi kuskure a yi masa uzuri. Wuni cur babu mai ce masa "matsa can", babu layin da zai bi, babu abin da wani yaro zai fi shi iyawa a gaban idonsa. Abin da nake so ki nema masa ke nan kafin komai: wuraren da ba shi ne gwani ba. Wuraren da zai je yau ya koma gobe, ya tarar da fuskokin jiya, ke kuma ba kya nan. Taron suna na wuni ɗaya ba ya ƙulla abota, yawan haɗuwa ke ƙulla ta.

Mu fara da abin da za ki iya gyarawa gobe. Malamin lissafin nan bayan la'asar yake zuwa. Wato daidai lokacin da rana ta yi sanyi, yaran unguwa suka fito da balo, naki yana kan tabarma da kaye, littafin rubutunsa. Ko aboki ya yi sallama a ƙofa, cewa za a yi yana karatu. Ki roƙi malamin ya koma bayan magariba ko safiyar Asabar da Lahadi, ki kuma rage zuwansa, sau uku a sati ya wadatar. Yaron da ya wuce tsaransa da aji biyu ko uku ba lissafi ne ya yi masa ƙaranci ba.

Karatun gida kuma ba ya cin wuni. Abin da ke cinye lokaci a lakwal, kiran suna da tsawatarwa da jiran kowa ya kwafe, duk babu shi a ɗakinki. Awa uku da safe, daga ƙarfe 8 zuwa 11, kafin rana ta take, balle a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Daga nan a rufe kaye. In ya ɗauki littafin da ransa ke so, wannan nasa ne, kada ki bi shi da tambayoyi ki mayar masa da shi darasi. Bayan azahar ya huta, ya yi aikin gida kamar kowane ɗa: shara, ba tumaki dusa, aike zuwa butik. Na sha ganin gidan da ake ɗauke wa mai ƙoƙari aiki wai kada a ɓata masa karatu, ƙannensa na wanke-wanke suna harararsa. Kada ki shuka wannan a tsakaninsu.

Ba ki ambaci makarantar allo ba, ina zaton ita ma a gida ake yi masa. In haka ne, ki fitar da shi. A ganina duk garin nan babu wurin da ya dace da irin ɗanki kamar ta. Can ba a raba yara da shekaru. Kowa da allonsa, wanda ya iya ya wanke ya yi gaba, ba mai jiran wani, ba mai cewa ya yi rashin kunya don ya yi sauri. Ɗan shekara 7 na zaune kafaɗa da kafaɗa da ɗan shekara 14. Kuma can zai haɗu da yaron da bai san kalma ɗaya ta Faransanci ba amma izu ashirin na kansa, in ya ja baƙi sai kowa ya yi tsit. Gaba da gabanta, kuma gara ya san haka yana ƙarami. Ki zaɓi malamin da aka shaida ba ya saurin kai hannu ga bulala. Mahaifinsa ya je da kansa ya damƙa shi, ya faɗi abin da ya faru a lakwal. Ya riƙa tafiya da ƙafa tare da yaran layinku, kada a ɗora shi a kabu-kabu, don rabin amfanin a hanya yake.

Abin da ya rage tsakanin la'asar da magariba na waje ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, ɗanki kuwa na tabbata ba ya samun rabin haka. Amma kada ki tura shi tsakiyar yara ashirin ki ce je ka yi wasa. Wanda ya shekara a ɗaki gefe zai tsaya kamar baƙo. Ki fara da yaro ɗaya. Ki duba cikin maƙwabta wanda kika san uwarsa, mai sanyin hali, ko da ya girme shi da shekara ɗaya ko biyu. Ki kira shi zaure, ki zube musu waya da gwangwanaye da murafen kwalba da tsofaffin silifa su ƙera mota. Wannan aikin ba a cin kowa a cikinsa, kuma in hannuwa na aiki baki ba ya rasa abin faɗa. Ɗan maƙwabcin zai fi shi iya lanƙwasa waya, naki kuma zai kawo dabarar da za ta sa sitiyari ya juya ƙafafu. In motar ta ƙeru dole a fita da ita titi a gwada. Kin ga ya fita ba ke kika tura shi ba.

Ke kuma ki shige ciki. In kin ji gardama ta tashi, ki cije. Muddin babu jini babu zagin iyaye, ki bar su su warware abinsu. Wata rana zai shigo da ƙura a ka da hawaye, ya ce sun yi masa maguɗi a langa. Ki ba shi ruwa, ki saurara har ya gama, ki ce masa lallai abin da ciwo. Kada ki ɗauki mayafi ki nufi gidan su yaron. Uwar da ke fita rama wa ɗa ita ke kore masa abokai.

Tsoron ƴan pale ban raina shi ba, duk mai ɗa namiji a Damagaram ya san shi. Amma waɗannan samari ne, da wurarensu da lokutansu, ba su ne yaran da ke buga balo a ƙofar gidanku ba. Ki sa iyaka a fili: daga wannan kwana zuwa waccan, ana kiran magariba yana shigowa. Ki san sunan kowane yaro da gidansu. Kuma bari in faɗa miki abin da idona ya gani. Yaron da aka kulle har ya kai shekara 15 bai taɓa ce wa tsaransa a'a ba, shi ya fi sauƙin ja ran da ya fita, don yunwar a karɓe shi ta yi masa yawa. Zagi kam zai ji, wata rana ma ya kawo shi gida. Ki gyara masa a nitse, washegari ya koma wasansa.

Kukan faɗuwa kuwa, maganinsa faɗuwa da yawa a inda babu kunya. Ki nemi kakansa ko wani dattijon unguwa cikin masu buga dara a gindin dogon yaro. Gurbi 30 a ƙasa, kowa da ƴaƴa 12, wasa ne na tunani tsantsa, zai shiga ransa. Tsohon zai cinye shi sau goma a jere yana taunar goro, kuma faɗuwa a hannun mai furfura ba ta da zafin faɗuwa a hannun tsara. Abu ɗaya za ki roƙi tsohon: kada ya bar masa ci don tausayi, yaran nan suna ganewa. In lokacin kokawa ya zo, a kai shi fili ya ga ƙato ya sha ƙasa a gaban dubban mutane, ya tashi ya karkaɗe jiki ya miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu.

Garin nan namu gari ne na masu aikin hannu. Dukawa, maƙera, teloli, masu gyaran rediyo da salula. Sau biyu a sati, awa biyu, ya zauna wajen ɗaya daga cikinsu. A rumfar baduku, ɗan shekara 11 da bai taɓa shiga aji ba zai nuna masa yadda ake riƙe basilla. Nasa ɗinkin zai fito a karkace, a warware a ce ya sake. Wannan na fi so masa fiye da kowane littafi a yanzu, don yaron da komai ke zo masa da sauƙi yakan yar da duk abin da bai iya ba a karon farko, kuma rayuwa cike take da irinsu. Amma da sharaɗi. Mutumin ya zama wanda danginku suka sani, rumfar a buɗe a bainar jama'a, babu duka, babu aikin ƙarfi, babu aike mai nisa. Ki kuma koya masa cewa duk wanda ya taɓa shi yadda bai dace ba, ko ya ce "kada ka faɗa wa Mama", to a ranar zai faɗa. Wannan ya shafi kowane babba da za ki haɗa shi da shi, ko malami ne ko ɗan'uwa.

Ga saƙo zuwa ga maigida, ki karanta masa cikin ladabi. Akwai kason tarbiyyar yaron nan da ba za ki iya ba, komai iliminki. Ɗan shekara 9 a wajenmu ya fara barin cikin gida yana bin maza: sahun masallaci, Juma'a, ɗaurin aure, gaisuwar mutuwa, zaman majalisa. Can ake koyon tuɓe takalmi a durƙusa, da jera gaisuwa har ta kai ƙarshe, da sanin lokacin da yaro ke kama bakinsa. In yana gari ya riƙa jan hannunsa, har rumfarsa ta kasuwa. In ya yi Kano, baffa ko kawu ya karɓa. Alhaji, kai da kake so ya saba da mutane, a bayanka zai fi saurin sabawa.

Alhamis babu allo, kuma ita ce babbar ranar Kasuwar Dole. Ki ba shi jaka biyu da jerin cefane, ki haɗa shi da wani babba da zai tsaya nesa kaɗan. Lissafin canji ba zai ba shi wuya ba. Tayi shi ne jarrabawar, don mai tumatir ba ruwanta da littafin siziyam. Haka nan tambayoyin da ke cin sa, ki juya su su fuskanci gari. Ya ƙirga jarka nawa gidanku ke sha a sati, nawa ake ba mai garuwa, yadda kuɗin ke tashi da bazara. Ba zai samu amsar ba sai ya tsaya ya yi hira da mai garuwar. A zaga da shi Birni, tsohuwar unguwar gari, ya ga fada da ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya gina a ƙarni na 19, a gaya masa garin nan ne babban birnin Nijar har 1926 da aka koma Yamai, a bar shi ya bi dattawa yana tambayar dalili. Wata Lahadin a kai shi Mirya, kilomita 18 ne, ya ga masu lambu.

Sai kakarsa. Ki sayo sabon kaye ki ce aikinsa ne ya rubuta tarihin gidansu daga bakinta, da Hausa: sunayen kakanni, inda aka taso, yadda aka ci farin 1984, waƙoƙin daka, tatsuniyoyi. Tsohuwar da ke ganin kin ƙwace mata jika za ta same shi durƙushe a gabanta yana roƙon ta ƙara. A gidanta kuma zai tarar da sauran jikoki, ba tare da an ce masa je ka yi zumunci ba.

Duk wannan abokan wasa zai ba shi. Akwai wata ƙishirwar da ba za su kashe ba, ta wanda zai zauna su yi zancen taurari ko na yaƙoƙin dā ba ya hamma. Wata malama a Ostireliya, Miraca Gross, ta bi yara 60 masu tsananin basira tsawon shekara 20. Ta ga waɗanda aka bari suka tsallake aji suka zauna da na gaba da su sun fi samun abokai da kwanciyar hankali a kan waɗanda aka riƙe a ajin shekarunsu. Don haka kada ki dage sai tsara. Ki tambayi malamin lissafin, shi da ke shiga gida-gida, ko ya san wani yaro mai irin wannan kan, ko da ɗan kolej ne, a riƙa haɗa su ran Asabar. In kuna da ɗalibi a dangi a Jami'ar André Salifou, ya riƙa leƙowa don hira, ban da darasi. Aboki ɗaya irin wannan ya isa. Ba kowane ɗa ne mai jama'a ba, in bayan duk wannan yana son kaɗaicewa da littafi wani lokaci, halittarsa ce. A taron suna ku yi yarjejeniya: ya gaida kowa, ya taya rabon abinci, ya yi awa ɗaya cikin yara, sannan littafinsa halal ne.

Kin ambaci bakin mutane. Addu'a kam ki yi masa safe da yamma. Amma in tambaye ki tsakani da Allah, in baƙi suka zo, ana kiransa ya zo ya yi lissafi ko ya karanta Faransanci a gabansu? In ana yi, a daina daga yau. Yana jawo idon da kike tsoro. Yana sa ƴaƴan baƙin su tsane shi, don da shi za a yi musu gori a hanyar gida. Shi kuma yana koyon cewa in ba don kansa ba, ba mai kiransa. Kada kuma ki sa shi koyar da tsaransa. Na taɓa samun yarinya irinsa a CE2, na mayar da ita mai duba kayen ƴan ajin da rubuta sunan masu surutu, ina ganin karrama ta na yi. Sai da shekara ta yi nisa na lura ita kaɗai take cin ƙosanta a bakin taga. Har yau abin yana raina.

Gyara wa manya kuma, kada ki ce masa ya yi laifi don ya ga kuskure, zai ɗauka gaskiyar ce ba a so. Hanya za ki koya masa. Ya jira a tashi, ya je shi kaɗai, ya sa ta a tambaya: "Mushe, ni kaza na samu, ko a ina na ɓata?" Ku riƙa gwadawa a gida, ke mushe shi ɗalibi.

Salula ki ƙayyade ta, awa ɗaya ko ƙasa da haka, a tsakar gida, ban da shimfiɗa. Yaro mai shekarunsa barcin awa 9 zuwa 12 yake buƙata. In kuma kina duba tsarin masu koyarwa a gida na Amurka a intanet, ki tuna su sai sun kafa ƙungiya sun ɗauki yara a mota kafin ƴaƴansu su ga wasu yara. Ke ƙofa kawai za ki buɗe.

Batun komawa lakwal, ban ce wannan satin ba. Ki ba tsarin nan wata uku ko huɗu. Amma tun yanzu ki ɗauki takardar haihuwarsa da kayensa ki je anspeksiyo, ofishin masu kula da makarantu, ki ji daga bakin anspekta yadda za a gwada shi a sa shi ajin da ya dace, da shekarun da ake nema kafin zama jarrabawa. Ana zama BEPC, jarrabawar gama kolej, da bak ba tare da an fito daga wata makaranta ba, amma ba na so ki dogara da wannan har ya zama ba sunansa a ko'ina. Ko a Faransa, tun 2022 sai da izinin hukuma ake koyar da yaro a gida. Ki riƙa sa kwanan wata a kan ayyukansa kina adanawa. Ra'ayina shi ne ya shiga kolej, a ajin da kansa ya kai, a ɗaya daga cikin Oktobobin nan biyu masu zuwa. Darussa suna yawaita a can, kimiyya da Ingilishi da sauransu, sun fi ƙarfin uwa ɗaya da malami ɗaya. Zuwa lokacin ya iya faɗuwa, ya iya gaisuwa, ya iya riƙe gyaransa har a tashi. Ku nemi daraktan da zai zauna ya saurare ku kafin a rubuta suna, yaron ma a ji ta bakinsa.

In kuwa kika ga ya daina cin abinci, barci ya ƙi, littafin da yake so ma ya fita ransa, ko yana cewa ya tsani kansa, kada ki jira wata ukun. Haka in hayaniya na firgita shi fiye da kima, ko sauyin tsari kaɗan na birkita shi, ko ba ya gane wasa da zolaya sam. Ki kai shi wajen likitan yara a babban asibiti ki zayyana komai, don basira takan zo tare da wani abin da ke buƙatar nasa kulawar.

Daren yau ki koma masa kan maganarsa. Kada ki ce ai ke ce abokiyarsa, ya san ba wannan yake nufi ba. Ki ce kin ji, kin ji daɗi da ya faɗa miki, kuma tare za ku nema. Sannan ki tambaye shi wane yaro ne a layinku yake ganin za su shirya. Zai ba ki suna, don yaran nan suna leƙe ta ƙofa fiye da yadda muke zato. Gobe da hantsi ki ɗauki mayafinki ki je ki gaida uwar yaron.

Taku,
Tanti